Mai Tsaron Tanti

Ƙusa bakwai ne a ƙuguna, da farantin ƙarfe ɗaya.
Likita ya ɗaga hoton a fitila, na ƙirga su da yatsa
kamar mai duba canji kafin ya bar shago.
Wata biyar ke nan.
Kekena na rataye a gareji a Mieres,
tayarsa ta gaba a lanƙwashe,
ban yarda kowa ya taɓa ta ba.

Yau ga ni a gindin duwatsun Somiedo
da sandar dogarawa, da kujerar roba,
da littafin da nake rubuta awa da minti.
Olaya ce ke tsere, awa ashirin da huɗu.
Bara ita ta riƙe mini gora a nan.
Bana ni ne mai dafa dankali,
mai barbaɗa masa gishiri har ya yi fari,
mai goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori.

Tana wucewa duk minti hamsin da 'yan kai.
Ba gaisuwa. Ta buɗe baki, in tura ayaba,
in zare gora, in saka gora,
ta tafi ta bar ni da ƙararrawar shanu
da yayyafin da ba ya jiƙa mutum sai a ɓoye.

Bari in faɗi abin kunya.
A zagaye na tara, da na ga yadda take sauka gangara,
duwawu a bayan sirdi, yatsa ɗaya kan birki,
na yi fatan tayarta ta yi faci.
Ƙiftawar ido ne kawai.
Sai na sunkuya na hura wa tayar ajiya iska
har famfo ya yi zafi a hannuna.

Dare ya raba. Fitilu na bin ƙirjin dutse
ɗaya ɗaya, kamar ana ɗinke duhu da zare.
Ƙarfe uku ta wuce, babu Olaya.
Uku da kwata. Dankali ya huce.
Tsoho Xuacu na tantin gefe ya miƙo kofi bai ce komai ba.
Na san kwanar. Akwai saiwar bishiya a ciki,
sumul, tana kwance kamar ba ruwanta.
A kanta na ji ƙashina ya yi ƙara
kafin ciwon ya iso.

Uku da rabi ta ɓullo, tana tura keke.
Jini da laka sun haɗu a gwiwa, hular kwano ta tsage.
Ta ce, Nel, na gama. A wurinka na faɗi.
Ta zauna a kujerata tana rawar sanyi.

Na wanke raunin da ruwan filas.
Na haska idonta, na tambaye ta sunan karenta
da ranar da muke ciki. Ta faɗa, ta zage ni.
Na ba ta hulata, wadda na zo da ita
ban san dalili ba.
Ban ce mata jaruma ba.
Na ce, ki sauka a kwanar, ki taka da ƙafa,
daƙiƙa goma ce, ni na biya wata biyar.
Na miƙe kan keken tsakanin gwiwoyina,
na riƙe sirdi, na bi ta ina turawa
har bayan igiyar shinge.

Da gari ya waye Xuacu ya tsinto sandata a cikin taɓo.
Taku ashirin da shida tsakaninta da inda na tsaya.
Na koma na ƙirga, ina ɗingishi, ƙugu na cizo.

Ta huɗu ta zo. Babu kofi, babu hoto.
Ta yi barci a mota da rabin burodi a hannu.
Ni na kwance tanti, a hankali, turke bayan turke.
Da ta farka wajen Belmonte na ce mata,
ranar Talata ki biyo ta gareji,
ki zo da sifanarki, akwai wata taya.