Rajistar Wakilan Fili

Mu bakwai ne ranar farko,
a rumfar mai shayi, bakin tashar Alkaleri.
Ba hatimi, ba kujera,
sai littafi mai shuɗin bango da Bappayo ya sayo
da biro ɗaya muna karɓa-karɓa.

Kamfani ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa,
mu muka san na bisanta:
wace tsamiya ce iyakar Barau da ƙanensa,
ta ina burtali ya ratsa,
wace gona ce aro, wace ce gado,
wace ce jingina tun shekarar fari.

Injiniya yana da taswira,
amma taswira ba ta iya gaisuwa ba.
Mu ke tuɓe takalmi a ƙofar zaure,
mu sha ruwan randa ko ba ƙishi,
mu tambayi lafiyar gero
kafin bakinmu ya kai kan mai.

Doka ta farko Malam Gidado ya faɗa, ni na rubuta:
kada wakili ya sa mutum dangwale
a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba.
Ta biyu: kuɗin ƙasa daban, na itace daban,
ɗorawa ba ciyawa ba ce.

Shafi na arba'in da ɗaya yana da tabo.
Nan muka kori Maikano.
Ya auna gonar Goggo Dudu ta Futuk
da igiyar da ya ƙara wa tsawo,
kadada uku ta koma biyu.
Tabon na shayi ne.
Hannuna ne ya yi rawa,
don benci ɗaya muka zauna da shi a firamare.

Sai shekarun da motoci suka tafi.
Ciyawa ta haɗiye turakun da muka kafa,
taro ya koma gaisuwar rasuwa.
Da kuɗin wata-wata muka sayi likkafanin Bappayo.
Shafi tara a jere, kwanan wata kawai
da kalma uku: ba a cika.

Da motocin suka dawo, da yara suka zo,
na'urar awo a tafin hannu.
Yau mun haura tamanin, har da mata shida,
ga ofis a Gombe, ga fanka, ga walimar shekara.
Shugabarmu Hannatu ce, 'yar Pindiga,
jikar wani da na taɓa ƙirga wa mangwaro.

Jiya ta ce in kawo littafin a sa a kwamfuta.
Na kai.
Ta buɗe, ta buɗe, ta tsaya.
Baba, a goge tabon nan?
Na ce a'a, ɗauke shi yadda yake,
ki nuna wa duk sabon da ya zo yankar kati.

Shi kuwa man
da na tsufa ina yin sallama dominsa,
har yau ban ga launinsa ba
sai a galan ɗin ɗan bumburutu
da nake tsayawa in sha wa babur rabin lita.