Kwandon Farin Gada

An ba ni takardu ɗari biyu da biro,
aka ce, "Je ki tambayo mutanen Jos,
ko ruwa na zuwa famfonsu."

Direban ofis ya ce tayarsa ba ta son dutse.
Inda kwalta ta ƙare,
nan Jos ta ƙare a wurinmu.
Gidajen kan tudu na hango su ta gilashi,
kwanon rufinsu na ƙyalli kamar suna ɗaga hannu.

Ƙarfe sha ɗaya nake ƙwanƙwasa ƙofa.
Wa ke gida a wannan lokaci?
Tsoho mai fansho, da mai gadi,
da kare, wanda ba ya cike takarda.
Kachollom tun asuba ta fita da jarka biyu
neman abin da na zo tambaya.
Na ga kwaɗo a ƙofarta,
na rubuta: ba kowa.

Iya Tasalla ta dube ni, ta dubi birona.
"Bara ma an tambaye ni, 'yar nan."
Ta saki labule.
Na duba takardar sama da ƙasa,
ba a yi wa shiru gurbi ba.

Wanda ƙishi ya kora daga unguwa
ya kwashe kayansa tun kafin damina.
Ɗakinsa na tambaya? Ko ƙusar da ya bari a bango?

Da yamma aka buɗe layi a rediyo.
Mutum goma sha bakwai suka kira,
huɗu daga ciki Malam Ɗanjummai ne,
yana sauya murya, katinsa bai ƙare ba.

Ran Juma'a oga ya haska bango:
takwas cikin goma suna da ruwa.
Aka tafa. Har da ni.
Ba wanda ya yi ƙarya, wallahi,
lissafin ma daidai yake.

A hanyar gida na biya Farin Gada,
na sayi kwandon tumatir, jajawur, manya-manya.
Da na juye shi a tsakar gida
na ƙasan duk sun ruɓe.
Na buɗe baki zan zagi mai kaya,
sai idona ya faɗa kan jakar takarduna.

Na tsince masu kyau zan wanke.
Na murɗa famfo,
ya yi tari sau biyu, ya hura mini iska.
Ni ma ba wanda ya tambaye ni.