Yatsu Biyu

An kawo ta ranar Talata, ana yayyafi,
a bayan tsohuwar mota, lulluɓe da bargo
kamar mara lafiya.
Asger ya ce ta babansa ce, marigayi.
Wani dillali a Kopenhagen ya riga ya taya ta waya,
kuɗin ya fi na motar da ta kawo ta.

Shekara talatin ina gyaran kujeru a Svendborg,
a ɗakin nan mai kallon tashar jiragen ruwa,
inda ranar hunturu kan leƙo ta gaisa ta wuce.
Na gane ta tun ba a gama yaye bargon ba:
ƙafafu sirara kamar na zalɓe,
baya ya ɗan kishingiɗa, hannuwa a shimfiɗe,
katako ya shiga cikin katako
ya yi shiru.

Ejvind Ravnsø ne ya zana ta, in ji tambari,
da wuta aka ƙona sunan a jikin itacen tik.
An ce yakan kwana uku kan lanƙwasa guda,
ya ja fensir, ya goge, kofi na hucewa.
Hotonsa na nan a littattafai, da lofe a baki.

Na farke ulun, kore ne da ya gaji da zama kore.
Soson ciki ya zama gari, ya zubo mini a cinya,
da sulalla biyu da aka daina karɓa,
da rabin tikitin jirgin tsibiri.
Sai na kifa ta.

Can ƙarƙashi, inda idon mai saye ba ya zuwa,
ga rubutun fensir, ƙanana, ya karkata hagu:
"Vagn. Nuwamba 1957.
Zane ya ce haka, bayana ya ce a'a.
Na ƙara yatsu biyu."

Na ajiye guduma.
Na lalubo kwafin zanen, na auna, na sake aunawa.
Gaskiyarsa.
Kishingiɗar nan da masana ke ƙarar da tawada a kanta,
wai ita ce sa hannun gwani,
ashe ciwon bayan wani kafinta ce
wanda ko sunan mahaifinsa bai tsaya rubutawa ba.

Ban ce Ravnsø ya ci haƙƙin kowa ba.
Wataƙila ya zauna, ya ɗaga gira,
ya bar ta haka, don ya san daɗi in ya ji shi.
Wataƙila har ya mutu bai sani ba.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
amma tambari suna ɗaya yake ɗauka.

Da yamma dillalin ya bugo:
a goge hannun dama, a mai da shi sabo fil.
Akwai wani tabo a nan, faɗin tafin hannu,
ya yi duhu, ya yi sulɓi,
inda tsohon ya riƙa ɗora hannunsa kowane dare
yana jin labarin iska da ake karanta wa masunta a rediyo.
Na ce samfefa ta ƙare.
Tana nan, aljihun tebur ko rufuwa ba ya yi.

Na wanke katakon da ruwan sabulu, na shafa masa mai,
na bar duhun da duhunsa.
Ƙarƙashin rubutun Vagn na sa nawa:
"Ebba. Janairu. Ban ƙara komai ba."

Ranar Juma'a Asger ya zo ɗauka.
Na ce, zauna ka gwada ta kafin ta tafi.
Ya zauna da kwat a jiki, makulli a hannun hagu,
zaman mai sauri.
Jirgin ƙarfe huɗu ya busa ya fita.
Hannunsa na dama ya tafi wurin da kansa,
ba wanda ya nuna masa.
Waya ta yi ta kuka a aljihunsa, ta gaji, ta sake.

Na je na ɗora ruwan kofi.