Bugu na Shida

A Titin Kwaleji na birnin Kolkata,
inda takarda ta fi mutane yawa,
ruwan damina ya koro ni rumfar Haripada,
tsohon da ke gane nauyin aljihu daga takun mai shi.

Bai ce uffan ba.
Ya ɗaga leda, ya zaro, ya dire gabana:
littafin rumbun bayanai, bugu na shida,
fari fat, yana ƙamshin gam da tawada,
da nauyi kamar jaririn wata guda.
Rupi dubu biyu da ɗari huɗu.
Na haɗiye yawu.

Nawa na gida, bugu na uku.
Shekara goma sha bakwai muna tare.
Bango ya ɓare, na liƙe da salatif,
gindin kofin shayi ya bar zobe a shafi na ɗari biyu da tara,
fihirisa ta yi baƙi don yawan yatsa.
A gefen shafuka akwai hannun Indrani,
wadda ta koya mini aiki a ma'ajiyar jinin asibiti,
ƙananan baƙaƙe da jan biro:
"Kwafe kafin ka goge."
"Misalin nan ƙarya ne, na gwada."
Bara waccan ta rasu.
Biron bai dushe ba.

'Yata Tuhina ta ce, "Baba, wa ke sayen waɗannan?
Tambayi waya, kafin ka ƙifta ta amsa."
Da gaskiyarta.
Sai dai daren da ambaliya ta cinye layin sadarwa,
ƙarfe biyu, ana neman jini wa mai naƙuda,
rumbu ya ƙi buɗewa, waya ta zama dutse,
tocila na riƙe da haƙori, littafi a cinya,
da tsohuwar zuma muka yi magani.

Amma zuma ba ta hana zamani tafiya.
Akwai yaro a ofis, Arko, ɗan shekara ashirin da biyar,
in ya yi zancen ajiya a gajimare
sai in riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare,
ban gane ko rabi ba.

Na buɗe sabon a tsaye, ruwa na ɗiga a wuyana.
Babi huɗu da ban taɓa jin sunansu ba.
Na nemi tsarin da injinmu ke bi,
sun sallame shi da layi ɗaya:
"An daina amfani da wannan."
Injinmu bai sami labari ba.
Yana can ɗakin ƙasa yana tari,
rungume da sunan mutum dubu tamanin.
An ce za a sauya shi bayan biki.
Biki uku ke nan.

Na nemi misalin da Indrani ta ƙaryata.
Sun gyara.
Shiru, kamar ba a taɓa kuskure ba.

Haripada ya ce, "Kawo tsohon, in rage maka ɗari uku.
A kilo nake saye."
Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.
Ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa,
"Ana raɗe-raɗin na bakwai ma na tafe."
To, mai jiran kogi ya ƙafe, yaushe zai haye?

Na ƙirga kuɗin sau biyu.
Sabuwar laima ta jira wata damina.

Yanzu dare ya raba, fanka na juyi,
littafi biyu buɗe a kan tebur,
kamar uba da ɗan da bai gado shi ba.
Na sami jan biro,
ina kwashe maganganunta daga wancan zuwa wannan,
shafi bayan shafi, ina laluben inda kowace za ta zauna.
Da na zo inda suka gyara,
babu abin kwafewa.
Na daɗe ina duban farin gefen.
Sai na rubuta sunanta kawai,
na juya shafi.