Mai Ɗinka Sunaye

An ce ƙarfe tara, aka fara sha ɗaya da kwata.
Ruwan daren jiya bai gama tsanewa a fili ba,
rumfunan haya na ɗiga a wuyan kansiloli,
ni kuwa ina bayan igiya, kusa da mai dafaffiyar gyaɗa,
da allura maƙale a hulata, na manta ban cire ba.

Shagona na bakin bariki, ta wajen Kawo,
taku huɗu, keke ɗaya, fitila ɗaya.
Shekara goma sha tara ina ɗinka suna a ƙirjin soja,
baƙin zare a kan koren ƙyalle.
Harafi uku ko tara, kuɗin ɗaya ne.

Yau gari ya ce zai gode wa bataliya.
Ciyaman ya zo da mabuɗin katako mai ruwan gwal,
tsawonsa kamu guda, wai mabuɗin gari.
Na ce a raina, Kadunar da ba ganuwa ba ƙofa,
me za a buɗe?

Sai badujala ta tashi.
Ƙafa ɗari shida ta zama ƙafa ɗaya,
taɓo ya yi tsalle ya kama babbar rigar mai girma,
'yan firamare na kaɗa jiƙaƙƙun tutocin takarda.
Kowa na kallon bindiga da ƙyallin takalmi,
ni ƙirji nake karantawa.

Ga Tanimu, da T ɗinsa mai ɗan karkata,
ranar aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki.
Ga Ogbonna, har yau ina bin sa ɗari biyu.
Ga Shekari, ya rame, riga ta yi masa yawa.
Ga wani yaro, sunansa aikin inji ne, ba nawa ba,
haɓarsa ba ta san reza ba tukuna.

Na karanta har layi ya ƙare.
Tun watan azumi na san ba zan ga Kazah ba,
amma ido ba ya jin magana.

Shi ne mai zama a bencina yana cin rake,
ya ce, Tela, kar ka manta da H ɗin nan,
ni ba ta miya ba ce.
Biyu ya sa na yi masa, ya ɗauki ɗaya,
ya ce ajiye ɗayan sai na dawo da igiya biyu.
Daji ya karɓe shi, can yamma, inda mota ba ta shiga.

Aka ce a yi shiru na minti ɗaya.
Wayar wani ta yi kuka, a-daidaita ya yi ham a titi,
shirwa biyu na kewaya sama, ba ruwansu.
Mai sanarwa ya ɗauki takarda, ya gyara murya,
ya kira suna goma sha ɗaya.
Na takwas, ya ce Kaza.
Wani a bayana ya yi dariya, ya haɗiye ta da tari.

Rifkatu ta tashi daga layin iyalai,
ta karɓi buhun shinkafa da turmin atamfa
da takardar yabo a cikin gilashi.
Ta duba rubutun, ta daɗe tana dubawa.
Ta durƙusa ta yi godiya, don haka aka koya mata.

Da aka watse, manya suka bi jiniya,
masu haya suka fara tara kujeru goma-goma.
Na same ta tana neman wanda zai ɗora mata buhu,
ɗanta na riƙe da gilashin a kife.
Ban iya ta'aziyya ba, bakina na cizon zare ne.
Na ciro ƙyallen daga aljihu,
na ce yaro ya tsaya, ya buɗe ƙirji.
Na laluba hula.

A kan farar rigar makaranta, da hannu, a tsaye,
harafi biyar, babu wanda ya ɓace.
Ya ce, Baba, nawa ne?
Na ce ubanka ya biya.