Takardar da Akuya ta Ci

Ran Talata tuƙa-tuƙarmu ta yi shiru.
Yara suka danna, suka yi lilo a hannunta,
ta yi tari sau biyu kamar tsoho mai shan taba,
ta tofo tsatsa, ta ce ta gama.

Ɗinyar Maƙera ta koma tsohuwar rijiya,
gaba goma sha takwas, guga na dawowa rabi laka.
Mata na fita tun kafin assalatu,
sai ka ji jarkoki na gaisawa a duhu.

Aka ɗauko Barau makaniki daga Gujungu.
Ya kwance, ya leƙa, ya goge hannu a wando,
ya ce roba ta cinye, sandar ciki ta karye,
dubu arba'in da biyu, ban da na goro.

Mai unguwa ya tara mu gindin ɗinya bayan la'asar.
Da yake na yi aji uku a Jahun,
aka miƙo min biro: Ilu, kai ne magatakarda.
Na gyara hula, na ji kaina ya ƙara nauyi.

Cindo mai shayi, ɗari biyar.
Lanti mai ƙosai, ɗari uku da alkawari.
Alhaji Nomau ya laluba aljihu har muka gaji,
ya zaro dubu ɗaya yana kallon sama,
ya ce a rubuta da manyan baƙi.
Mutanen ruga suka aiko zakara biyu.

Kwana tara ina bi gida-gida.
Ran na goma na ajiye takardar kan tabarma,
na danne ta da takalmi, na zaga.
Da na dawo, ga takalmi,
ga jar akuyar Gambo mai tsagaggen kunne
tana tauna a hankali, tana dubana
kamar ta ƙare karatu tana neman ƙari.
Abin da na ƙwato a bakinta
'yar kusurwa ce da rabin kwanan wata.

Kuɗi na gwangwanin madara, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.
Amma kafin magariba labari ya zaga gari,
tunanin kowa ya yi ƙiba.
Ɗari biyar ɗin Cindo ta haihu ta zama dubu,
Alhaji ya tuna ashe biyar ya bayar,
har wanda ya ɓuya bayan rumbu ranar da na yi masa sallama
ya zo tambaya ko na rubuta sunansa daidai.
Lissafin baki ya isa famfo uku da rufin makaranta,
gwangwani ya ce talatin da takwas.
Idanu suka fara juyowa kaina.

Sai kakata Iya Tabawa ta dogaro sanda.
Ba ta san a ba, ba ta san ba ba.
Ta ce duk ku biyo ni.
Kullum dare ina cin tuwo ina karanta mata sunaye don in burge ta,
ashe tana bi da gawayi a bangon madafa:
kofi ga Cindo, kasko ga Lanti,
ƙaton tumbi ga Alhaji,
kowane da zanensa a ƙasa, ɗari-ɗari.
Gindin tumbi zane goma ne cif.
Alhaji ya yi tari, ya ce azahar ta yi,
alhali rana ta kusa faɗuwa.

Saura dubu huɗu.
Mai unguwa ya ce wadda ta ci sunan kowa
ai ta shiga karo-karo, ta kawo nata.
Gambo ya yi gunaguni, ya cika daga kuɗin ɗan bunsurunta.

Ran Asabar ruwa ya zo, ja da fari, sannan garau.
Yara na ihu, Lanti na guɗa,
ni ina riƙe da sabon littafi a ƙirji da hannu biyu.
Wa ya fara sa baki a kwatami?
Mai tsagaggen kunne.

Bana mun yi yaɓe ko'ina a gidanmu.
Bangon madafa Iya ta ce kar a taɓa,
wai famfo, kamar mutum, yakan sake kwanciya.