Dillalin Hayaƙi

Shekara talatin da ɗaya ina dillanci a Daura.
Na sayar da bijimi, na sayar da jaki mai ɗingishi
bayan na nuna wa mai saye ƙafar da ke ciwo.
Na san tayi, na san "albarka", na san la'ada,
na san ƙaryar mudu in an buga masa gindi.
Hajar da ba ta nan ce ban taɓa riƙewa ba.

Sai Lurwanu, ɗan ƙanwata Tabawa, ya dawo daga Katsina
da riga mai tambari da waya mai faɗin faifai,
ya raba wa matan unguwa murhun ƙarfe,
kowanne da lamba a ƙugu kamar motar haya.
Ice uku, in ji shi, zai yi aikin goma.
Wannan na yarda. Na ga Tabawa ta tuƙa tuwo
idonta bai yi ja ba,
tarin da ke tashe ta da asuba ya yi sauƙi.

Amma ya ce ba a murhun kuɗin yake ba,
yana cikin hayaƙin da bai tashi ba.

Wai can ƙetaren teku akwai mai masana'anta,
bututunsa na aman baƙi dare da rana.
Shi zai sayi rashin hayaƙin Tabawa,
a buga masa hatimi a takarda,
a ce sikeli ya daidaita.

Na ce, yaro, wato mutum ya cika cikinsa da rana tsaka
ya sayi ƙishirwar maƙwabci mai azumi?
Ya yi dariya, ya ce, Kawu, iska ɗaya ce,
ba ta san iyakar Kwangwalam ba.

To, da wane mudu ake aunawa?
Ya ce da tan.
Tan nawa ne kuɗinsa?
Ya ce wannan sai ofis.
Ofis ya sayar wa wa?
Wani dillali. Shi kuma? Wani dillalin.
Na ƙirga mu a yatsu, hannu ɗaya bai isa ba,
mai kaya kuwa ta dangwala babban yatsa
ta karɓi murhu da sabulu sanda biyu.

Na ce, ni fa? Ban taɓa mallakar janareta ba,
ban da mota, ban da babur,
da ƙafa nake zuwa kara tun ina saurayi.
Hayaƙin da ban yi ba ai ya cika rumbu.
Ya ce nawa ba ya shiga lissafi,
tunda dama ba ni da halin yin sa.
Ashe talauci ma sai an yi masa rajista.

Ranar sunan jikar Tabawa
tukunyar biki ta fi ƙarfin murhun kamfani.
Aka jawo duwatsun nan uku daga bayan ɗaki,
aka cusa musu kirya,
hayaƙi ya miƙe har saman dogon yaro,
hayaƙin da aka riga aka sayar a kan babu shi.
Lurwanu na zaune yana cin waina.
Wayar tana aljihu.

Ban ce masa komai a gaban mutane ba.
Da dare na ce, wannan ɗingishi ne,
ka faɗa wa mai saye.
Ya daɗe yana kallon takalminsa.

Ban ce cinikin haramun ne ba, ni ba malami ba ne.
Marken bayan gidan Tabawa yana tsaye bana,
bara war haka da gatari ya gaishe shi.
Abin da na sani, ba a sallama kaya
mai shi bai ji kuɗin da kunnensa ba.

Jiya ta aiko mini da fura, da saƙo:
Yaya, in da gaske abin nawa ne,
ka je ka ji nawa suka taya.

Na wanke babbar riga.
Ban san ranar da kasuwar ke ci ba.